Na saka modul da pip, amma Python ya ce bai gan shi ba: ina gyaran yake?

Tambayar ta fito daga wani matashi da ke kula da kwamfutocin wata makarantar kuɗi a nan Jos, ta wajen Unguwar Rogo. Ya rubuta ƙaramar manhaja da yaren Python wadda ke karanta makin ɗalibai daga fayilolin Excel da malamai ke cikewa, ta haɗa jimla, ta fitar da katin sakamako. Manhajar ta dogara da pandas da openpyxl, wato modul biyu (shiryayyun lambobin da manhaja ke arowa), duka ya saka su da pip, kayan aikin saka modul na Python, a kan Ubuntu 22.04. In ya kunna ta da hannunsa, lafiya lau take aiki. Da ya sa ta a cron, mai kunna ayyuka a lokacin da aka tsara, ta hanyar `sudo crontab -e` don ta riƙa aiki da kanta da dare, sai gari ya waye babu kati ko ɗaya, sai saƙon `ModuleNotFoundError: No module named 'pandas'`. Wani abokinsa ya ce ya rubuta PYTHONPATH, saitin da ke ƙara wa Python wuraren neman modul, a cikin fayil ɗin `.bashrc`, ya rubuta, ba ta sauya zani ba. Ga sabuwar kwamfuta mai Ubuntu 24.04 da makarantar ta saya, a kanta kuma pip ya ƙi saka komai. Yana kuma da wata folda ta lambobinsa na kansa da yake son manhajoji biyu su riƙa amfani da ita. Yana son sanin inda ake saita wurin da Python ke neman modul, don ya gyara sau ɗaya ya huta.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ka fara da goge layin nan na PYTHONPATH daga zuciyarka, domin matsalarka ba a nan take ba. Abin da ke faruwa shi ne Python ɗin da ke aiki da dare ba a ƙarƙashin asusunka yake tashi ba, don haka ba wurare ɗaya yake dubawa da naka ba. Gyaran da zai ɗore shi ne ka ba manhajar nan wurinta na kanta da kayanta a ciki, ka riƙa kiran Python ɗin wurin da cikakken adireshinsa. Amma sai ka san yadda neman yake tukuna, in ba haka ba gobe wata matsalar mai kama da wannan za ta zo, ka sake komawa lalube.

Idan ka rubuta `import pandas`, Python ba ya bincike kwamfutar gaba ɗaya. Yana da gajeren jerin foldoji da ake kira `sys.path`, yana bin su ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa, inda ya fara samun abu mai wannan suna nan yake tsayawa. Kamar ka aiki yaro kasuwar Terminus da takarda mai sunayen shaguna biyar ne: shagon farko da ya samu kaya mai sunan da ka faɗa, nan zai saya ya juyo, ko da na shago na huɗu kake nufi. In kuwa kayan suna shago na shida, zai dawo ya ce maka babu, alhali suna nan jibge.

Wannan jeri ba a ajiye yake a wani fayil da za ka buɗe ka gyara ba. Duk lokacin da Python ya tashi yake haɗa shi sabo. Abin da ke zuwa farko shi ne foldar da fayil ɗin da ka kunna yake ciki. Sai abin da ke cikin PYTHONPATH, in an saita shi. Sai laburaren da ya zo tare da yaren kansa. Daga ƙarshe sai wuraren da ake zuba kayan da aka sako daga waje. A kan Ubuntu 22.04, mai ɗauke da Python 3.10, in sunan asusunka `ofis` ne, ka buga `python3 -m site` za ka ga abu mai kama da wannan:

/home/ofis/sakamako
/usr/lib/python310.zip
/usr/lib/python3.10
/usr/lib/python3.10/lib-dynload
/home/ofis/.local/lib/python3.10/site-packages
/usr/local/lib/python3.10/dist-packages
/usr/lib/python3/dist-packages

Ka dubi layi na biyar da kyau, nan kayanka suke. Ranar da ka buga `pip install pandas` ba tare da sudo ba, wato umarnin da ke ba da ikon babban asusun kwamfutar, pip ya ga ba shi da izinin rubutu a foldojin tsarin, sai ya fito da layi ɗaya da ke cewa `Defaulting to user installation because normal site-packages is not writeable`, ya zuba komai a cikin `.local` na gidanka. Mafi yawanmu ba ma karanta wannan layin, ido yana kan sandar da ke nuna saura nawa a gama saukewa. In kana son ka tabbatar, ka buga:

python3 -c "import pandas; print(pandas.__file__)"

Zai nuna maka ainihin inda modul ɗin ya fito. Wannan umarni ka riƙe shi, don shi ke raba gardama a kusan kowace rigima irin wannan.

To da ka buɗe cron da sudo, ka rubuta aikin ne a jadawalin root, babban asusun kwamfutar. Gidan root shi ne `/root`, don haka layi na biyar a wurinsa ya koma `/root/.local/...`, kuma babu komai a can. Injin Python ɗaya ne, fayil ɗin manhaja ɗaya ne, amma jerin ya bambanta da layi guda, kuma layin da ya bambanta shi ne mai ɗauke da pandas. Ka buga `sudo -H python3 -m site` ka kwatanta da na farko, za ka gani da idonka.

Dalilin da ya sa shawarar abokinka ba ta yi aiki ba kuwa, `.bashrc` fayil ne da bash ke karantawa idan mutum ya buɗe taminal yana buga umarni. Cron ba ya buɗe taminal. Yana kiran `/bin/sh` da ɗan taƙaitaccen saiti, kuma a kan Ubuntu `/bin/sh` ba bash ba ne ma, dash ne. Ko da bash ɗin ne, `.bashrc` na Ubuntu yana da 'yan layuka a samansa da ke sa ya tsaya nan take in ba mutum ne zaune a gaban allo ba. Ƙari a kan haka, sudo da kansa yana share mafi yawan saitin muhalli kafin ya kunna umarni, PYTHONPATH na cikin abin da yake zubarwa. Kuma fayil ɗin da ka gyara naka ne, ba na root ba.

Ana iya rubuta PYTHONPATH a saman jadawalin cron ɗin kai tsaye, kuma daren nan katunan za su fito. Ban ba ka shawarar haka ba, kuma ina son ka fahimci dalili sosai, domin nan ne mutane da yawa ke haƙa wa kansu rami.

PYTHONPATH bai san sigar Python ba. Duk Python ɗin da ya tashi a wurin zai ɗauke shi, 3.10 ne ko 3.12. Wasu modul, irin su openpyxl, da Python zalla aka rubuta su, suna iya jure wannan. Amma pandas da numpy suna da sassa da aka rubuta da C da danginsa aka harhaɗa su don siga guda. In ka leƙa cikin foldarsu za ka ga fayiloli masu suna irin `cpython-310-x86_64-linux-gnu.so`. Wannan 310 ɗin ba ado ba ne. Python 3.12 ba zai ɗauki fayil ɗin ba. Don haka in wani ya ce ka kwafe `.local` ɗinka a filashi ka kai sabuwar kwamfutar ka nuna mata shi da PYTHONPATH, abin da za ka samu shi ne dogon saƙon kuskure daga numpy wanda ya fi na yanzu rikitarwa. Na yanzu aƙalla ya faɗa maka ƙarara abin da ya rasa.

Sannan ka duba matsayinsa a jerin: yana gaban laburaren yaren kansa, yana gaban komai in ban da foldar manhajar. Duk abin da ke cikin foldar da ka nuna zai danne na asali mai irin sunansa, a kowace manhaja, har da waɗanda ba kai ka rubuta ba. Akwai ma wani tarko a yadda ake yawan rubuta shi, wato `export PYTHONPATH=$PYTHONPATH:/wani/wuri`. In da ma babu komai a ciki, abin da zai fito zai fara da alamar `:` ba komai a gabanta, Python kuwa yana ɗaukar wannan gurbi a matsayin foldar da kake tsaye a ciki. Ka shigar da wurin da ba ka yi niyya ba ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne na root. In ka sa root ya riƙa ɗauko modul daga foldar asusun ofis, duk wanda ya zauna a kan kwamfutar nan da wannan asusu zai iya sauya fayil ɗaya a ciki, da dare kuma a kunna abin da ya rubuta da cikakken ikon kwamfutar. Makin yara amana ce. A ofishin makaranta da malamai ke shiga suna fita, wani lokaci har da ɗaliban da aka aiko ɗaukar rajista, wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce. Manhajar da aikinta karanta Excel da fitar da kati ne ba ta da wata bukatar root tun farko.

Ga abin da za ka yi. Python yana da abin da ake kira venv, ya shigo yaren tun sigar 3.3 a 2012. Folda ce kawai da ke ɗauke da Python na aikin da wurin zuba kayansa shi kaɗai. A kan Ubuntu sai ka fara saka ɓangaren da ke ƙirƙirarsa, don sun ware shi daban:

sudo apt install python3-venv
cd /home/ofis/sakamako
python3 -m venv .venv
.venv/bin/python -m pip install pandas openpyxl
.venv/bin/python -m pip freeze > requirements.txt

Ka lura ban rubuta `pip` shi kaɗai ba. Kalmar `pip` tana iya zama ta kowane Python a cikin waɗanda ke kan kwamfutar, ya danganta da wanda aka fara samu. In ka ce `wani-python -m pip`, ka tabbata kayan za su sauka a wurin wannan Python ɗin. Rabin masu kukan "na saka amma bai gani ba" da wannan ɗabi'a kaɗai za su warke.

Daga nan sai ka cire layin daga jadawalin root, ka buɗe naka da `crontab -e` ba sudo, ka rubuta:

0 22 * * * cd /home/ofis/sakamako && .venv/bin/python kati.py >> rahoto.log 2>&1

Wannan `cd` ɗin yana da amfani, domin cron yana farawa ne daga gidan mai asusun, kuma in manhajarka tana buɗe fayil da gajeren suna irin `maki.xlsx`, ba za ta same shi ba sai tana tsaye a foldarsa. Ƙarshen layin kuma yana tara duk abin da manhajar ta faɗa a `rahoto.log`, da safe ka karanta. In fayilolin da root ya riga ya ƙirƙira suka hana ka rubutu, ka mayar da mallakarsu hannun asusunka da `chown`.

Za ka ga a darussa da yawa ana cewa sai an buga `source .venv/bin/activate`. Wannan sauƙi ne kawai ga mai aiki a taminal: yana tura `.venv/bin` zuwa gaban PATH don kalmar `python` ta riƙa nufin na aikin. Ba shi ke yin aikin ba. Sirrin yana cikin ɗan fayil mai suna `pyvenv.cfg`. Idan Python ya tashi, yana duba kusa da inda aka kira shi da kuma folda ɗaya a sama. In ya ga wannan fayil, sai ya mai da wurin cibiyarsa, ya sa `site-packages` na cikin venv a jerin, ya bar `.local` ɗinka da foldojin `dist-packages` a waje. Ka buɗe shi, layuka ne kaɗan, ɗaya daga ciki yana cewa `include-system-site-packages = false`. Shi ya sa kiran `.venv/bin/python` kai tsaye ya wadatar a cron, inda `source` ba ya ma aiki tunda dash bai san shi ba. Abu ɗaya da venv ba ya karewa daga gare shi shi ne PYTHONPATH. In yana nan a saite, zai shiga gaban kayan venv ɗin ma. Wani dalilin ke nan na cire shi.

Sai sabuwar kwamfutar. Saƙon da ka gani shi ne `externally-managed-environment`, kuma ba lalacewa ta yi ba. Ƙa'ida ce da masu kula da Python suka amince da ita a takardar da ake kira PEP 668, Debian 12 da Ubuntu 23.04 suka fara aiki da ita a 2023, Ubuntu 24.04 mai Python 3.12 ya ci gaba da ita. Dalilinta yana nan a jerin da na nuna maka. `sudo pip` yana zuba kaya a `/usr/local/lib/.../dist-packages`, apt, mai saka manhajoji na Ubuntu, kuma yana zuba nasa a `/usr/lib/python3/dist-packages`, kuma na farkon ne a sama. Ubuntu kansa yana da kayan aiki da aka rubuta da Python, irin su ufw da `add-apt-repository` da mai sabunta tsaro da kansa. Duk sun dogara da sigogin da Ubuntu ya gwada. In pip ya jawo sabuwar sigar wani modul da suke amfani da shi ya ɗora a sama, suna iya tsayawa, kai kuma ba za ka taɓa zargin pandas ɗin da ka saka watanni baya ba.

Za ka samu masu cewa ka ƙara `--break-system-packages`, ko ka goge fayil ɗin `EXTERNALLY-MANAGED` da ke cikin `/usr/lib/python3.12`. Duka suna buɗe ƙofar. A kan kwamfutar gwaji da za ka iya sharewa gobe, ruwanka. A kan wadda makaranta ke ajiye sakamakon zango a ciki, kada garin neman gira a rasa ido. A cikin venv wannan shingen babu shi, pip yana aiki yadda ka saba.

Akwai kuma wata hanya mai tsabta da ake yawan mantawa da ita: `sudo apt install python3-pandas python3-openpyxl`. Wannan yana zuba su a foldar tsarin da kowane asusu ke gani, kuma suna samun sabuntawa tare da sauran kwamfutar. Aibinta shi ne sigar da Ubuntu ya zaɓa za ka samu, sau da yawa ta ɗan tsufa, kuma kwamfutocinka biyu ba za su zama da siga ɗaya ba. Ga ƙaramin aiki a kwamfuta guda, ba laifi. Tunda kana da biyu kuma kana son katin ya fito iri ɗaya a kowacce, ni venv zan zaɓa.

Kada ka kwafi foldar `.venv` daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Tana cike da adireshin inda aka gina ta, kuma `python` na cikinta manuni ne kawai zuwa na tsarin. Haka ma in wata rana ka ɗaga tsohuwar kwamfutar zuwa 24.04, venv ɗin zai daina ganin kayansa, domin suna ƙarƙashin `lib/python3.10` shi kuma sabon yana duba `lib/python3.12`. Abin da ake ɗauka shi ne lambobinka da `requirements.txt`. A can sai ka gina sabon venv ka buga `.venv/bin/python -m pip install -r requirements.txt`. In ya tsaya a kan numpy, ka duba lambar sigar da ke rubuce a fayil ɗin: numpy bai fara aiki da Python 3.12 ba sai daga 1.26, don haka abin da ya gaza wannan sai an ɗaga shi, a sake gwada manhajar.

Na san kuɗin data da yanayin sabis suna cikin abin da ke sa mutane kwafar foldoji da filashi, kuma damuwa ce ta gaskiya, pandas da numpy ba ƙananan kaya ba ne. Pip yana da hanyar da ta dace da wannan. A inda sabis yake da ƙarfi, a kan kwamfuta mai irin tsarin da sigar Python ɗin da za ka saka wa, ka buga `.venv/bin/python -m pip download -r requirements.txt -d kaya`. Zai tara fakitocin a foldar `kaya` ba tare da ya saka su ba. Ita za ka ɗauka a filashi. A makaranta sai:

.venv/bin/python -m pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt

Ko kilobayit ɗaya ba zai ci ba, kuma ko kwamfuta nawa ce masu siga ɗaya, foldar nan ta ishe su.

Yanzu batun foldar lambobinka da manhajoji biyu ke rabawa. Mu ce sunanta `lissafi`, tana zaune a `/home/ofis/gama-gari/lissafi`. Abu na farko da ke kayar da mutane a nan: wurin da ake sakawa a jerin shi ne uwar foldar, wato `/home/ofis/gama-gari`, ba `lissafi` kanta ba. Python yana shiga foldar da ke jerin ne ya nemi abu mai suna `lissafi` a cikinta. In ka ba shi adireshin `lissafi` kai tsaye, zai shiga ciki yana neman wata `lissafi` ɗin.

Hanya mafi sauƙi ita ce fayil mai ƙarewa da `.pth`. A cikin `site-packages` na kowane venv, ka ƙirƙiri `gama-gari.pth` mai layi ɗaya tak, adireshin uwar foldar. Duk lokacin da wannan Python ya tashi zai karanta fayil ɗin ya ƙara wurin a ƙasan jerin. Bambancinsa da PYTHONPATH a fili yake: ya shafi venv ɗin nan kaɗai, yana aiki a taminal da cron duka ba tare da wani saiti ba, kuma yana ƙasa, ba zai danne laburaren yaren ba. In adireshin babu shi, Python zai tsallake shi shiru, don haka ka duba rubutun da kyau. Ka kuma sani cewa layin da ya fara da `import` a cikin irin wannan fayil kunna shi ake yi, saboda haka kada ka karɓi `.pth` daga hannun wani ka jefa ba ka karanta ba.

In lambobin sun fara girma, gara ka mai da su fakiti na sosai. Ka rubuta ɗan fayil `pyproject.toml` a cikin `gama-gari` mai ɗauke da suna da siga, sannan a kowane venv ka buga `.venv/bin/python -m pip install -e /home/ofis/gama-gari`. Wannan `-e` yana sa duk gyaran da ka yi ya bayyana nan take ba sai ka sake sakawa ba, kuma pip ya san da zaman fakitin. A karon farko zai so sabis don ya sauko da kayan gini irin setuptools. Shi kuwa `sys.path.append(...)` a saman fayil, yana aiki, amma ka binne adireshin kwamfutarka a cikin lambobi ke nan. Ranar da ka bar aikin nan wani ya gaje ka, ko aka sauya sunan asusu, sai ya bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana tonowa.

Layin farko na jerin ma yana da nasa haɗarin, kuma masu koyo sun fi faɗawa ciki. Tunda foldar manhajarka ce a sama, in ka sa wa fayil ɗinka suna `random.py` ko `csv.py` ko `email.py`, shi za a ɗauka maimakon na asali, har pandas ma in ya nemi `random` naka za a miƙa masa. Kuskuren da ke fitowa sai ka rasa ina ya dosa. Python 3.13 ya fara gane wannan yana faɗa maka cewa sunan fayil ɗinka ne ya yi karo, amma 3.10 da 3.12 ba sa yi. Nan ma `__file__` ne zai tona asiri. Sunayen Hausa irin `kati.py` da `maki.py` suna kare ka daga wannan. Ka kuma san cewa `python wata/kati.py` yana sa foldar `wata` a saman jerin, shi kuwa `python -m wata.kati` foldar da kake tsaye yake sakawa. In ka rarraba manhajar a ƙananan foldoji sai wani `import` ya daina aiki, nan za ka fara dubawa.

Ba wai PYTHONPATH ba shi da rana ba. Don gwaji na lokaci guda yana da kyau, a rubuta shi a gaban umarnin kawai, `PYTHONPATH=/home/ofis/gwaji python3 kati.py`, ya mutu da umarnin. Akwai kuma manyan manhajoji da ke zuwa da modul nasu a wani lungu. Masu amfani da QGIS, manhajar haɗa taswira, sun san wannan: in za ka kira QGIS daga manhajarka ta waje, wani lokaci sai ka nuna wa Python inda kayansa suke. Ko a nan, a rubuta shi a cikin ɗan fayil ɗin da ke tayar da wannan aiki shi kaɗai, kada a ɗora shi a kan dukkan asusun.

In kwamfutocin malamai Windows ne, maganar ɗaya ce da sauyin sunaye. `py -0p` zai nuna maka duk Python ɗin da ke kai da inda suke, na venv yana `.venv\Scripts\python.exe`, shi za ka rubuta a Task Scheduler, kuma ana raba adireshi da `;` maimakon `:`. A VS Code ma in ya ja jan layi ƙarƙashin `import pandas`, mafi yawan lokuta wani Python ɗin ya zaɓa, ka nuna masa na venv. 

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma zai same ka: cron ba ya rama aikin da ya wuce. In wuta ta ɗauke kafin ƙarfe goma na dare kwamfutar ta mutu, aikin ranar ya tafi, kuma ba wani saƙon kuskure da za ka gani. In babu inbata a ofishin, ko dai ka matso da lokacin zuwa sa'ar tashi daga aiki, ko ka koma agogon systemd (mai tayar da ayyukan tsarin a Ubuntu) mai saitin `Persistent=true`, wanda ke yin aikin da aka rasa da zarar an kunna kwamfutar. A can ma cikakken adireshin `.venv/bin/python` za ka rubuta a layin `ExecStart`.

Kafin ka jira dare, ka cire layin PYTHONPATH daga `.bashrc`, ka rufe taminal ka buɗe sabo, ka buga `echo $PYTHONPATH` ka tabbatar babu komai. Sannan ka gwada manhajar a irin yanayin da cron zai kunna ta, ba tare da saitinka ko ɗaya ba:

env -i HOME=/home/ofis /bin/sh -c 'cd /home/ofis/sakamako && .venv/bin/python kati.py'

In katunan sun fito a nan, za su fito a cron. In ba su fito ba, ka turo min abin da ya rubuta tare da sakamakon `.venv/bin/python -m site`, mu duba tare.